Ranar da Na Rage wa Surukina Iyali

Ba zan taɓa mantawa ba da rabon geron Gidan Amumune, shekarar da fari ya ƙone gonaki, soja kuma na kan mulki. Lokacin na dawo daga Yamai da digirin ordinata, wato kwamfuta, kaina ya fi rawani girma, wata ƙungiyar agaji a Tasawa ta ɗauke ni aiki.

Lojisiyel ɗinmu, wato manhajar da ke tsara rabon, kashi uku ne: mai rajistar gidaje, mai lissafin rabo, da mai buga kati. Aka ce in tsara depo, wato rumbun da ake ajiye aikin, mai tuna duk gyaran da aka yi. Madam Rabi, shugabar sashenmu, ta ce kowane kashi ya samu dosiye, wato jakarsa cikin depo, ɗaya tak, duk garuruwa su riƙa ɗiba daga nan. Na ce a raina wannan tsarin tsofaffi ne. Na kwafe aikin gaba ɗaya, na yi wa kowane gari nasa: Urafane, Attantane, Gidan Amumune. (Har hoton tsarin na manna a bangon buro, ofishinmu ke nan, don masu wucewa su ƙaru.)

Sai aka gano kuskure: duk gidan da ya wuce mutum tara, lojisiyel na ɗaukarsa mutum ɗaya. Na gyara a dosiyen Urafane, na sha yabo, na manta akwai sauran biyu.

A Gidan Amumune kuwa nake neman aure. Ranar rabo na sa shadda, na zauna gaban ordinata inda kowa zai gan ni. Baban yarinyar, dattijo mai cikakken gida, ya sha rana a layi da buhu biyu. Na buga katinsa da hannuna, mai awo ya duba, ya zuba mashi tiya guda, mudun rabon mutum ɗaya.

Ya dubi geron, ya dube ni.

"Yaro, tun ba a ɗaura ba ka kashe mani iyali? Wa ka bari, ni ko uwar ɗiyar?"

Na ce, "Baba, matsalar dosiye ce."

"To dosiyen ya zo ya ci."

Layi ya kwashe da dariya, irin ta masu yunwa, wadda ba ta daɗewa. Aka tsayar da rabo sai washegari, mutane suka koma gida da buhu wayam saboda ni. Wannan ya fi dariyar yi mani ciwo.

Yau ko almakashi na ga biyu a gida sai na tambaya wanne ne na asali. Yarinyar kuwa wani mai kabu-kabu ta aura, wanda aƙalla ya san mutum nawa ya ɗauko.