Kujerar Baya a Hanyar Timiya

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na shirya tafiya Timiya ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ba za su bari ba. Har yau in na wuce bakin famfo sai wata ta yi tari da gangan, sauran su fashe da dariya. Za ku ji dalilin tarin.

Ni mai gyaran ƙafafun mota ne, wato tayoyi, a nan Agadas, kusa da inda motocin masu haƙar zinariya ke lodi. Lakwal, wato makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba (na shiga, mushe, wato malami, ya dube ni, na dube shi, muka rabu lafiya). A bakin bahon ruwa furfura ta same ni, ina neman inda iska ke fita. Duk shofer da zai hau duwatsun Abzin, ko ya nufi Cibarakaten can bakin iyakar Aljeriya, ta hannuna yake bi. Na san hanyar nan kamar yunwar cikina. A baki fa. Ƙafata ba ta taɓa wuce Dabaga ba.

Matata Mariyama 'yar asalin Timiya ce, amma a Agadas aka haife ta, ba ta taɓa ganin garin ba. Tun muna amarci na yi mata alkawari zan kai ta ta ga ruwan nan da ke zubowa daga kan dutse. 'Ya'ya suka zo, suka girma, wasu suka yi aure, alkawari na nan inda na ajiye shi. Da tana tuna min. Daga baya ta daina, kuma wannan ya fi ci min rai. Ga shi ni ba mutumin daɗin baki ba ne. "Ke" nake ce mata. Ke, ina buta? Ke, miyar ta yi gishiri. Da ta kwanta ciwo da bazara har muka fara tsoro, ina zaune a ƙofar likita na lalubi kaina, ban samu kalma mai daɗi ko guda da na taɓa faɗa mata ba. Na ce in Allah ya tashe ta, zan kai ta Timiya, kuma zan faɗa mata duk abin da ban faɗa ba.

Allah ya tashe ta. Damina kuma ta yi kyau a shekarar, ƙoramar Telwa ta yi ta kawo ruwa har mutane suka gaji da fita kallo. Shoferori na saukowa suna cewa dutse ya yi kore shar, rumman ya nuna, lemu ya fara ja. Sai abokina Agali, wanda na daɗe ina yi wa gyara, zai tafi Yamai ya bar katkat ɗinsa, motar hawa dutse, a wurina. Ya miƙo min makulli ya ce, "Ka kai madam garin kakanninta, kafin ka mutu a bakin bahon nan. Amma abu guda: kada ka faɗa wa kowa. Mai hawa dutse ba ya sallama, sulalewa yake yi da asuba."

Jama'a, tun daga ranar na koma yaro ana jajibirin sallah. Na zana hanya a ƙasa da ƙarfen cire ƙafa: nan Dabaga, nan Elmeki, nan Timiya, in ƙarfi ya saura mu leƙa Iferwan. Duk shofer da ya tsaya sai na tsare shi da tambaya, ina ne dutse ya fi kyau da hantsi, ina za a tsaya a dafa shayi a ƙarƙashin gawo, garkar wa ta fi rumman mai zaƙi. (In ya ce me ya sa nake tambaya, sai in ce wani ne ya aiko ni.) Na kwance ƙafafun motar nan na mayar, na sake kwancewa na sake mayarwa, alhali lafiyarsu lau. Na sayi baƙin tabarau. Na saya wa Mariyama sabon mayafi shuɗi, ta juya shi a hannu ta ce, "Lafiya kuwa?" Da na faɗa mata, sai ta shige ɗaki, na ji tana rera wani abu da rabona da jin shi tun haihuwar fari.

Kalaman ma na shirya su. Ina danna roba cikin ruwa ina bita ƙasa-ƙasa. Wata rana wani mai babur ya tambaye ni ko da robar nake.

Sirrin kuwa na riƙe shi da kyau, har zuwa kofi na biyu na shayi a fadarmu, wato inda muke zaman hira da la'asar. Mamman tela ne ya ja ni. Cewa ya yi, "Kai da ba ka taɓa wuce Dabaga ba." Na ji bakina ya ce, "To ranar Lahadi ka zo ka ga mai wuce Dabaga. Timiya za ni, ni da iyalina, yawon buɗe ido!"

A nan na gane gargaɗin Agali. Babu gida a Agadas da ba shi da wani a bisa dutse, kuma saƙo a wurinmu ba a ƙin shi. Ka ƙi ɗaukar wa mutum saƙo, har jikokinka sai sun ji labari. Kafin magariba an kawo buhun gero. Washegari sukari da ganyen shayi, kwalayen makaroni, farantin hasken rana, katifar wata amarya, ƙofar ƙarfe da tagoginta. Wata tsohuwa ta kawo turmi (turmi fa, kamar babu itace a Timiya). Mamman da kansa ya kawo keken ɗinki a kai wa ƙanensa. Kowa kuma da kalma guda: "Ai ba shi da nauyi." Ni ko ina ta washe baki ina cewa a ajiye, a ajiye. Wallahi daɗi nake ji, ban taɓa zama mutum mai muhimmanci haka ba.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba unguwa ta cika ƙofar gidana. Mariyama ta ce ita kunya take ji ta zauna gaba a idon jama'a, za ta shiga baya, in mun fita gari ta dawo. Sai aka ɗaure keken Mamman a kujerar gaba. Katifar amarya ta ƙi hawa sama, aka tsayar da ita a tsakiya, ta raba gaba da baya kamar katanga, saura 'yar kafa. Kujerar baya kuwa wurin mutum ɗaya da rabi ya rage.

Yanzu sai in gaya muku wani abu kan surukata, uwar Mariyama, wadda 'ya'yanta ke kira Anna. Tsohuwa ce ta da, mai riƙon kunya irin wadda ta ƙare yanzu. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta sosai ba. Daga bayan zana nake durƙusawa in gaishe ta. In na hango ta a hanya, lungu nake shiga. Ita ma ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba, ta bakin 'yarta take bi, sunana a wurinta kuwa "mutumin nan". Abin da ban sani ba, ina can saman mota ina fama da igiya, Anna ta iso da ƙunshinta, wai ita ma za ta ga ƙanwarta. Mariyama ta zaunar da ita, ta lulluɓa mata sabon mayafin saboda sanyin safe, ta koma cikin gida ɗauko kwanon dambu.

Na sauko, na leƙa ta kafar katifa, na ga shuɗin mayafi. Na ɗora tabarau duk da rana ba ta fito ba, na ce bismillah, na ta da mota.

Sai unguwa ta ɗauki ihu. Mata na ɗaga hannu, maza na bin mota a guje. Mamman tela ya bi ni har takalminsa ya fita. Na ce a raina, Allah sarki, ashe haka ake ƙaunata. Na zuro hannu ta taga ina ɗaga musu, na danna kilakson har na sha kwana. (Tarhona na hannu kuwa yana cikin jakar Mariyama, ni na ba ta da hannuna don kada a dame mu.)

Niyyata sai bakin ruwan Timiya zan yi maganar. Amma da muka bar gidaje, gari ya fara haske, ga baƙin duwatsu sun tsaya can gaba, sai abin ya cika min ƙirji. Na gyara murya.

"Mariyama," na ce. Sunan ma wani iri na ji shi a bakina. "Yau 'ke' ta ƙare."

Shiru. Na ce kunya ce.

"Na san ni jaki ne. Amma jakin nan yana gani. Ranar da aka kawo min ke, na ga idanunki kamar na barewa, na kasa cin abinci. Har yau in kina tankaɗe a tsakar gida, leƙenki nake yi ta taga."

Mayafin ya ƙara dunƙulewa. Na ji ƙarfi.

"Na ga ƙafafun mota iri-iri a duniya, babu wadda ba ta sacewa. Ke kaɗai ce kika ɗauki lodina shekara da shekaru, a kan dutse, a kan yashi, ba ki taɓa yin faci ba." (Wannan ni na ƙirƙiro shi, kuma har yau ina ganin ya yi.)

Sai aka yi tari a baya. Tari mai nauyi, na gargaɗi.

Na ce, "Wayyo, ko tarinki daɗi gare shi."

Aka sake yin tari, har biyu.

"Yi abinki, amaryata. In mun isa, da hannuna zan ɓare miki rumman in sa miki a baki. Kuma ki gode Allah mun tsere wa Anna, da yanzu tana nan ta kafa mana ido kamar jandarma."

Tarin ya tsaya cak.

Haka na yi ta zuba har bakin shingen jandarmomi na fita gari. Motocin masu zinariya na jere a wurin, rabin shoferorin masu kawo min aiki ne. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na miƙa takardu. Jandarman, wani matashi, ya ce, "Baba, ku nawa ne a ciki?"

Na ɗaga murya don kowa ya ji: "Ni da amaryata! Yawon shan iska za mu."

Shoferori suka ɗauki shewa. Jandarman ya buɗe ƙofar baya, ya leƙa, ya daɗe. Ya juyo ya ce, "Baba, ka tabbata?"

Kafin in amsa sai ga kabu-kabu ya taho a guje. A bayansa Mariyama ce, ba mayafi, ɗankwali ya karkace, ta rungume kwanon dambu. Na dube ta. Na dubi mota. Na sake dubanta. Ƙafafuna suka sace gaba ɗaya, ni da ke gyara na wasu.

Anna ta sauko a hankali. Ba ta kalle ni ba, ai ba ta taɓa ba. Ta fuskanci 'yarta, a gaban jandarmomi da shoferori, ta ce:

"Mariyama, ki faɗa wa mutumin nan na gode. Ki ce masa idona ba na barewa ba ne, yanar tsufa ta rufe shi. Rumman kuma ba ni da haƙoran cinsa. Batun jandarma, ki ce na ji."

Wani shofer ya kwanta a ƙasa don dariya. Jandarman ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa, da na rasa lungun shiga, sai na durƙusa a bayan ƙafar motar na ce, "Ina kwana, Anna."

Na so mu koma gida. Mariyama ta ce ko a kan katifar amarya za a ɗaure ta sai ta ga Timiya. Muka tafi. Dutse ya yi kyau kamar yadda aka faɗa, na tabbata, amma ni hanya kawai na kalla. A baya kuwa ƙus-ƙus kawai nake ji. Anna ce ke maimaita wa 'yarta jawabina, kalma bayan kalma, har da gyaran muryar. Tsohuwar da ke manta inda ta ajiye carbinta, ba ta zubar da ko harafi ba.

A bakin ruwan, bayan mun rabar da saƙon mutane, Mariyama ta tsaya ta daɗe tana kallo, feshin na jiƙa mata fuska. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wai ban taɓa yin faci ba?"

Na ce, "Ke, ci rumman ɗinki."

Ta miƙo min shi ta ce, "An ce da hannunka."

Na ɓare. Na waiwaya hagu da dama tukuna.

Abin da na koya, in za ka hau dutse ka rufe bakinka a fada, in kuma za ka buɗe shi a mota ka fara ɗaga katifa. Maganar da ka ga za ta yi wa matarka daɗi, ka faɗa mata a tsakar gida tana tankaɗe, inda kake ganin fuskarta. In ka tsaya jiran wuri mai kyau, za ta ji ta dai, amma daga bakin uwarta.