Rasuwar Shuɗiya, Bindigar da Ba Ta Taɓa Zubar da Jini Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, tare da sallamawa ga Mai rayawa Mai kashewa, ni Illo, dillali a kasuwar dabbobi ta Agadas, ina sanar da 'yan uwa da abokan ciniki da makiyayan da fari ya koro bayan gari, rasuwar Shuɗiya, bindigar fenti. Ta bar duniya ranar Talatar da ta wuce, a shingen sojoji na hanyar Ingal. Daga ƙasa aka tono ƙarfe, ƙasa kuma ya koma.

Marigayiya ba haifaffiyar nan ba ce. Wani anasara, lokotoron dabbobi, wato likitansu, ya zo da ita a farin farko, shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini ita, amma ya tafi da makullin kwance ta a aljihunsa. Aikinta guda ne: ta tofa ƙwallon fenti a jikin dabbar da aka yi wa allura ko aka ba dusar taimako, don kada wata ta ci sau biyu wata ta kwana da yunwa. Wanda bai san fari ba zai ce wasan yara ne. Saniyar da yunwa ta cinye, in ka kayar da ita don ka sa mata alama, to ka kayar ke nan, ba ta ƙara tashi. Shuɗiya kuwa daga nesa take aikinta. Ta ce "fut", saniya ta girgiza fata kamar ƙuda ya sauka mata, ta ci gaba da tsayuwarta.

Tun tana sabuwa take fama da ciwon rairayi. Ya shiga cikinta ta shaƙe, ka ja kunama ta ce "tsss" kamar tsohuwa mai fuka. Ba dama a buɗe ta a wanke, makulli yana bayan teku. Na kai ta wurin Alkasum, maƙerin azurfa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Illo, wanda ya ƙera wannan bai taɓa tauna yashi a tuwonsa ba." Ya cire kusoshinta masu murɗi duka, ya sa mata turakun tagulla, ya zarge su a igiyar fata ɗaya. Ka ja igiyar sai ka ji "ƙaras", bututu gefe, gindi gefe, kunama gefe. Kafin shayin farko ya tafasa ka goge ta ka mayar. Da gwangwanayen iskarta suka ƙare, Alkasum ya haɗa ta da famfon keke. Da ƙwallayen anasara suka ƙare, Kadidia ta riƙa ɗura shuni a hanjin akuya tana ƙullawa ƙanana ƙanana. Daga nan sunan Shuɗiya ya bi ta.

Kadidia matar Nomau ce, Nomau kuma abokin aikina ne tun muna da baƙin gemu. Mutum ne da in za a yanka kaza a gidansa sai ya kira maƙwabci. Ba abin da yake so irin ya ja igiyar nan a gaban jama'a, a yi mamaki, shi kuma ya yi ta dariya.

Ranar Talata ƙafata ta hana ni fita, Nomau ya ɗauki marigayiya zai kai ta rijiyar da ake rabon dusa. A shinge aka tsayar da kamiyon, babbar motar da ya hau, aka zazzage buhunsa. Direban ne ya kawo mini labari. Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, fenti take tofawa, duba ka gani, ba komai cikinta." Ya ja igiya. Ƙaras. Ajidan ɗin da ke wurin, babban sojojin shingen, ya dubi gutsattsarin, ya dubi Nomau, ya ce, "Tsoho, na tsufa a soja ban iya kwance makami da sauri haka ba. Wa ya koya maka?"

Ba su bar shi ya sake taɓa ta ba. Suka jera sassanta a kan hanya, suka sa direban ya bi ta kansu. Ya ce ba ta yi wata ƙara ba, bututun kawai ya ce "ƙwas". Gyaran da ya raba ta da ciwon rairayi, shi ya zama ajalinta.

Nomau yana gidan kaso a barikin soja tun ranar. Na ja ƙafata na je, na ce fenti ne. Aka ce in kawo shaida. Na ce shaidar tana kan hanyar Ingal, taya ta bi ta kanta. Aka ce in koma gida tunda sauran mutunci. Kadidia tana kai abinci kullum, akushi yana dawowa wayam, ba ta san cikin wa yake shiga ba. An kuma raɗa mana cewa ranar Asabar za a wuce da shi inda akushi ba ya zuwa.

Marigayiya ta bar famfon keke, wanda yanzu ba shi da wanda zai hura wa iska. Ta bar igiyar fata, direba ya tsinto ta ya kawo mini. Ta bar Alkasum, wanda ya rufe maƙera yana cewa hannunsa ne ya jawo wannan. Ta bar shanu da raƙuma masu ɗigon shuni a cinya daga nan har Timia, waɗanda yawancinsu sun riga ta tafiya.

Jana'iza babu gawa, don ba a ba mu ba. Za a yi zaman gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a filin da ke kallon ƙofar barikin soja. An hana taro, na sani, ni ma ina da rediyo. Amma ban ji an hana gaisuwar mutuwa ba.

Ba goro, ba dabino, shekarar ba ta bari ba. Kada kowa ya zo da sanda ko takobi, kada kowa ya ɗaga murya. Wanda Shuɗiya ta taɓa tofa wa dabbarsa, in tana da rai ya jawo ta, ko da tana tangaɗi. In ta mutu ya kawo fatar, shuni ba ya barin fata. Ita za mu shimfiɗa mu zauna, ɗigon yana sama, yadda mai leƙowa daga ƙofa zai gani ya duba ko akwai ramin harsashi ko ɗaya. Za mu zauna har wani ya fito ya tambaye mu wa ya rasu.

Kadidia za ta zo da akushinta. Muna roƙon Allah ta koma gida da mai cinsa.