Rasuwar Baba Mileva, Jitar Tisa Mai Tsirkiya Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi kusa da takaici, gidan Svetislav Cvetanović, wanda duk garin Leskovac ya fi sani da Tisa mai bes, wato mai kaɗa jitar nan mai kaurin murya, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar jitarsa, Baba Mileva. Ta cika ranar wata Alhamis da hantsi, a kan gadon ɗakin baƙi, bayan shekara talatin da shida a hannunsa. Iyali sun so a rubuta cewa ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Tisa ya yarda a rubuta hakan, amma a ƙara da cewa akwai sa hannu. An jinkirta sanarwar nan mako uku ne saboda sai yanzu ya iya faɗin kalmar da bakinsa.

Marigayiya ta shigo garin nan a bayan wata babbar mota da ta taso daga Trieste, kwance tsakanin kwalayen wanduna da na gahawa. Tisa yana saurayi a lokacin. Ya ba direban babur ɗinsa ya karɓe ta, ya tako gida a ƙasa da ita a kafaɗa, mahaifinsa kuwa ya yi wata guda bai amsa gaisuwarsa ba. Sunan ya zo ne daga baya, bayan ya auri Javorka ya san surukarsa Baba Mileva, mace mai kaurin murya wadda in tana mita a madafa sai kofuna su yi rawa a falo. Da tsohuwar ta ji labarin takwarar tata ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi gara haka, yanzu akwai Mileva guda da yaron nan yake saurara.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri da sanin matsayinta. Ba ta taɓa neman gaban fili ba. Akodiyan, abin kiɗan nan mai zugazugi, na gaba yana ƙwalisa, zabiya na kwasar tafi, ita tana can baya kusa da sandar rumfa tana faɗin abin da ta saba faɗa: dum, dum-ba, dum, dum-ba. Da waɗannan 'yan kalmomi ta aurar da rabin ƙauyukan da ke tsakanin nan da Vranje, ta kuma dawo ta aurar da 'ya'yansu. In rawar kolo, wadda ake yi a jere an riƙe hannun juna, ta yi tsawo, layi ya fice daga rumfa ya zagaya motoci, na ƙarshen layi ba ya jin akodiyan, ba ya jin waƙa. Ita yake ji a tafin ƙafarsa.

Ba za a ɓoye ba, tana da halinta. Nauyinta ya sa kafaɗar hagun Tisa ta sauka ƙasa da ta dama da yatsa biyu, telansa ma ya san da haka. Ba ta shiri da dogon ƙwan lantarki, in ta gan shi sai ta kama mmmm ba ji ba gani har a kashe. Maɓallin ƙarin muryarta ba nata ba ne, na murhun Javorka ne, murhun kuwa har yau da filaya ake kunna shi. Shi ma dai ya riƙe ta riƙon amana. A shekarun da tsirkiya ta yi wuyar samu, tafasa tsofaffin yake yi a tukunya, ya shanya su a igiyar wanki, ya mayar, su sake ba da wata uku. Bai taɓa mayar da ita akwati da gumin hannunsa a jikinta ba.

Ciwon ajali ya fara ne a ƙarshen Agusta, a wani biki da aka yi a bakin kogi. Ruwa ya kece, rumfa ta yi ciki, ta zube a daidai inda marigayiya take. Tisa ya nemi a dakata ya goge ta. Vukadin, mai akodiyan kuma shugaban ƙungiya, wanda shi ne kum ɗinsa da ya tsaya masa ranar aurensa, ya ce ba a dakatar da amarya a tsakiyar rawa. Aka ci gaba. Bayan an tashi aka kulle ta a jiƙe a motar kayan ƙungiya, Vukadin ya wuce wani sha'ani da makulli a aljihu, motar ta yi kwana biyu a rana. Da aka buɗe akwatin, wuyanta ya tanƙware kamar baka. Tsirkiyoyi sun tashi sama har ana zura yatsa a ƙarƙashinsu. Tana magana, amma muryar ta kauce, kullum tana ɗan sama da inda ya kamata, har zabiya ta fara waiwayo da harara.

Tisa bai yi sakaci ba, yana kuma son a rubuta wannan da manyan baƙaƙe. A ranar ya kira Hranislav, gwanin gyaran jita na Niš. Gwanin ya yi masa bayani dalla-dalla: akwai dogon ƙarfe a cikin wuyan, da noti a kansa, shi ake ɗaurewa wuya ya miƙe. Amma notin da ya shekara talatin ba a taɓa ba, ya kuma sha ruwa, sai an jiƙa shi da mai, a riƙa juyawa kaɗan kaɗan, kwatan juyi ɗaya a yini, ana lallashi. Ya ba shi rana, ashirin ga Oktoba, ya ce kafin nan a sassauta tsirkiyoyi, a kwantar da ita, kada kowa ya taɓa. Tisa ya kwantar da ita a gadon baƙi, ya rufa mata bargo, ya riƙa zuwa biki da wata 'yar aro da aka karɓe bayan sati biyu.

Ranar da abin ya faru, ranar gashin tattasai ce, dangi sun taru a tsakar gida ana gasawa ana ɓarewa don dafa aibar, miyar tattasan da ake ɗurawa a kwalabe ta kai shekara. Cikinsu akwai Bora, mijin ƙanwar Tisa, bakaniken tarakta, mutumin da bai taɓa ganin abu mai noti ya wuce bai gaisa da shi ba. Da ya ji labarin ciwon sai ya yi dariya.

"Yaya, noti ne fa kawai. Har Niš za ka je saboda noti? Ni da nake kwance na tayar tarakta da hannu ɗaya?"

"Ka bar ta, Bora."

"Minti biyu."

"Na ce ka bar ta. Ɓare tattasanka."

Aka ci gaba da aiki. Can Javorka ta ce wani ya ɗauko mata kwalabe daga ciki, Bora ya miƙe da sauri irin wadda ba a san shi da ita ba. Tisa na zaune, hannu dumu-dumu da baƙin tattasai har gwiwa, sai ya lura aiken ya daɗe. Yana miƙewa ya ji ta. Ba ta yi kururuwa ba. Ƙas, ta ce, sau ɗaya, sannan wani dogon gummm ya biyo baya, ya yi ƙasa ya yi ƙasa har ya ɓace. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Bora ya fito da sufana a hannu, babu kwalba ko ɗaya. "Yaya," in ji shi, "gaskiya ƙarfen nan da ma ba na kirki ba ne."

Iyali suna godiya ga maƙwabtan da suka riƙe Tisa a wannan lokaci, musamman waɗanda suka riƙe shi ta ƙugu.

Washegari ya ɗauke ta a motar haya zuwa Niš, ya saya mata kujera don kada a jefa ta cikin kaya. Hranislav ya cire tabarau, ya duba, ya mayar, ya sake dubawa. Ƙarfen ya karye can ciki, itacen ya tsage tun daga kai har tsakiyar wuya. Da irin jitar nan ce da ake ɗaure wuyanta da kusoshi, da an cire an sa wani. Marigayiya kuwa wuyanta da jikinta itace ɗaya ne. Gwanin bai tambayi wanda ya yi aikin ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne juyi nawa aka yi. Da Tisa ya ce an ce uku, sai gwanin ya rufe akwatin da kansa, a hankali, ya dafa masa gahawa.

Marigayiya ta rasu ta bar abokin zamanta, tsohon amfilifaya, akwatin ƙara murya mai taya uku, wanda tun ranar bai ce uffan ba. Ta bar maratayin fata da aka yanka daga kayan dokin kakan Tisa, da kebul guda mai ɗaurin salatif a wuri biyar, da akwati mai ƙugiya ɗaya mai aiki. Ta bar sababbin tsirkiyoyi huɗu cikin ledarsu, waɗanda aka saya don murnar warkewarta. Ta kuma bar Tisa, ɗan shekara hamsin da tara, wanda bai iya wata sana'a ba.

A nan ne iyali suka so a taƙaita, shi kuma ya ƙi. Jibin rasuwar akwai biki. Vukadin ya kira shi ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce, "Kume, huta wannan makon. Mai fiyano zai riƙe bes da hannun hagu, akwai maɓallinsa a jikin abin." Tisa ya kasa zama a gida. Ya sa kwat ɗin aiki, ya je, ya taya su sauke lasifika kamar kullum, ya tsaya a wurinsa na baya hannu a aljihu. Mai fiyano ya danna maɓalli. Abin da ya fito ba shi da nama, ba shi da ƙashi, kamar ana bugun katifa da tafi. Tisa ya jira layi ya watse. Ya jira wani tsoho ya tsaya ya ce me ya sami kiɗan yau. Layi ya fice daga rumfa, ya zagaya motoci, ya dawo. Da aka zauna cin abinci, uwar amarya ta zo ta kama hannunsa da hannu biyu ta ce, "Tisa, Allah ya bar mana hannun nan. Yau ka fi kullum." Ya ce na gode. Ya bar gasasshen naman a faranti ya tafi gida.

Bai zauna ba. Ya je ya ga jita uku. Ta farko sabuwa ce a shago, ba ta da nauyi, ba ta da wari, mai shagon kuma ya hana shi ƙure murya don kada a dami mai sayar da waya na kusa. Ta biyu a talla ya gan ta, an rubuta kamar sabuwa, ya tarar wuyanta ya fi na marigayiya tanƙwara. Ta uku tana da kirki, Hranislav ne ya ce ya ɗauka ya riƙe har ya sami tasa. A ranar ya kira Vukadin ya ce ya shirya. Vukadin ya yi tari, ya ce motar kaya ta fara matsewa, ya ce masu biki yanzu sun fi son ƙungiya mai mutum huɗu, ya ce za su zauna su yi magana. Kwana goma sha ɗaya ke nan bai kira ba. Javorka ta duba wayar sau biyu, lafiyarta ƙalau.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya da su kiyaye wasu abubuwa. Kada a ce ai itace ne. Kada a ce sai ka sayi wata, ya san hanyar kasuwa. Kada a ba shi labarin wani ɗan uwa a Jamus da yake da irinta guda biyar. Kada kuma a ce Bora da kyakkyawar niyya ya yi, don an faɗi wannan sau tara, bai gyara ko tsirkiya ɗaya ba. Shi Bora, tun da mijin ƙanwa ne, ba a hana shi zuwa ba, amma za a caje aljihunsa a ƙofa. Tayin da ya aiko na yi mata walda, an karɓa an mayar.

Za a yi mata wanka da man lemun tsami ranar Juma'a. Hranislav zai zo ya cire 'yan ƙarafan da ke ɗaukar muryarta, ya dasa su a jikin wata jita da ke jira a shagonsa, kamar yadda Tisa ya yi imani ita ma za ta so. Fada, limamin coci, ya ce ba ya yi wa katako addu'a, amma zai zo cin abinci. Za a rufe akwatin, a kai ta makwancinta a saman kabad ɗin ɗaki, bayan Javorka ta ƙi amincewa da bangon falo. Za a raba dafaffiyar alkama da gahawa, da ɗan abin sha na gida ga mai so. Sadakar arba'in za a sanar daga baya.

Jana'iza ranar Asabar ce, ƙarfe ɗaya na rana, a gidan mamaciya. An jawo hankalin Tisa cewa a daidai wannan sa'a ƙungiyarsu za ta fito da amarya a Vlasotince, don haka abokan aikinsa na shekara talatin ba za su iya halartar wuri biyu ba. Ya ce ya sani, shi ya zaɓi lokacin. An tanadi kujera huɗu a gaba. Wanda ya zo an gan shi, wanda bai zo ba shi ma an gan shi.