Mutum na Goma a Zauren Pomerantz

Duk wanda bai san Irwin Pomerantz ba, bai taɓa ɗaga kai a jami'armu ba. Sunansa yana kan ɗakin karatu, yana kan wurin ninƙaya, yana ma kan bencin da ke fuskantar banɗaki. Mu tsofaffin malamai muna kiransa Sarkin Tagulla, saboda allunan tagullar da ake rubuta sunan nasa a kai. Ya gama karatunsa da ƙyar shekara hamsin da suka wuce, amma bai taɓa barin mu ba, kuma bai bari mun manta da hakan ba.

"Malaman addininmu sun ce mafificiyar sadaka ita ce ta ɓoye," in ji shi a kowane taro. "Shi ya sa ba na son a yi ta maganar gine-ginena bakwai."

Na takwas shi ne zauren ibada na ɗalibai Yahudawa. Da ya ga suna shiga da takalman ƙwallo suna zubar da ɓarɓashin burodi a kan darduma, sai ya sa aka kulle, ba a shiga sai da katin gayyata.

Ranar tunawa da rasuwar mahaifinsa ta zo. Wajibi ne ɗa ya karanta addu'ar Kaddish a wannan rana kafin rana ta faɗi, kuma ba ta yiwuwa sai Yahudawa maza goma sun hallara. Sarkin Tagulla ya gayyaci shugaban jami'a, da 'yan jarida, da masu ɗaukar hoto. Zaure ya cika. Rabbi Halpern, malamin zauren, ya zagaya da ido sau biyu.

"Tara ne, Irwin."

"Rabbi, dubi mutanen nan. Akwai alƙali a ciki."

"Alƙalin ai ba Bayahude ba ne, coci yake zuwa."

"To, a ƙirga ni biyu. Ni na gina wurin."

"Ko Annabi Musa ɗaya ake ƙirga shi. Rana tana faɗuwa, ka nemo mutum."

Sai ga Sarkin Tagulla a bakin titi, yana tare matasa yana haki. Daga ƙarshe ya dace da wani ɗalibi mai 'yar hular ibada a ƙeya.

"Ɗana, zo ka cika mana goma."

"A can? Ai sai da kati, kawu, ni kuwa ba a ba ni ba," in ji ɗalibin, ya wuce abinsa.

Rana ta faɗi. Mahaifin nasa, tsohon da ya yi shekara arba'in yana ɗinki a unguwar Brooklyn, bai taɓa fashin jam'in ibada ba, bai samu addu'ar ɗansa ba.

Hotunan dai sun yi kyau ƙwarai.