Tumatirin Gwaggo Liboria da Almakashin Mai Girma

Ranar Litinin da ta wuce, jama'a, aka nemi in sayi tikiti kafin in shiga gidana. Na dawo daga kasuwar kifi, na biyo lungun da nake bi tun ina yawo ba wando, wanda ya ratsa gefen tsohon ɗakin bautar Girkawa, sai na tarar da shingen waya da wata 'yar rumfa sabuwa fil. A ciki Gaspare ne ya hakimce da hular ma'aikata, mutumin da na shekara talatin ina yi wa aski kafin in ajiye aska.

"Baba Onofrio, tikiti."

"Tikitin me? Ga wandona can a shanye a baranda, kana ganinsa!"

"Doka ce, Baba. Daga yau nan Dandalin Tarihi ne."

"To, miƙo tikitin."

"Ai ba a bugo ba tukuna."

Haka na zagaya ta bayan coci a cikin ranar Agusta, har kifin da ke hannuna ya fara gaishe da mutane tun daga nesa.

Kada ku ce ina ƙorafi. Ni wa, da zan yi jayayya da shugaban garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, Uban Duwatsu, wanda sau uku yana yanke ƙyallen buɗe mana ginshiƙan ɗakin bautar nan guda biyar? Shekara dubu biyu da ɗoriya suna tsaye a wannan kusurwa ta tsibirin Sisili, girgizar ƙasa ta yi nata ta gaji. Amma tun da Mai Girma ya tausaya musu ya fara gyara, shekara tara ke nan ɗaya yana naɗe da tamfol. Baƙi kan sauko daga manyan motoci, su ɗauki hoton tamfol, su sayi ruwan sanyi, su koma. Allah ya ƙara wa Mai Girma kaifin almakashi.

Nawa mai sauƙi ne, zagaye kawai. Maƙwabciyata Gwaggo Liboria ita aka yi wa ɗanyen aiki. Shekarunta tamanin da ɗaya, kuma duk Agusta a kan shimfiɗaɗɗun duwatsun wurin take jera allunan katako, ta shanya markaɗen tumatir da gishiri, tana juyawa da hannu kwana biyar har ya yi kauri ya koma ja mai duhu, abin da muke kira strattu. Dutsen yana riƙe zafi, shi ya sa nata ya fi na kowa. Saman soron gidanta kuwa ya daina ganin rana tun da aka gina Masaukin Baƙi mai hawa uku a gabansa, wanda har yau ba a gano makullinsa ba.

Bana ga bikin jikarta Venera a watan gobe, kuma a gidansu ba a taɓa aurar da 'ya da miyar gwangwani ba. Ta riga ta markaɗe tumatirin, baho huɗu, ta tace. Kwana biyu in bai ga rana ba, sai tsami. Ranar Talata ta ja ƙafa ta je ofis, wani mai ƙamshin turare ya shaida mata cewa tumatir yana zubar da mutuncin tarihi. Na same ta zaune a gaban bahunan tana share ido da gefen ɗankwali. Tun rasuwar mijinta ban ga hawayenta ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya ƙona mini rai.

Laraba da safe sai ga mota ta sauke kaya a cikin shinge. Alluna shida da aka shafe da jan fenti, da wata 'yar tsana ta roba mai girman mutum, an sa mata baƙaƙen kaya an zaunar a kujera. Za a sake buɗe wurin ranar Asabar, karo na huɗu. Aka kafa sanarwa da harsuna huɗu, Gwaggo ta ce in karanta mata tunda tabaraunta ya karye.

"An rubuta: Yadda matan dauri suke shanya tumatir. Al'adar da ta shuɗe."

"Ta shuɗe?" Ta dafa ƙirji. "Onofrio, ashe na mutu ba ku gaya mini ba? Ko furen kirki ba ku kawo ba, marowata!"

Sai na ga idonta ya yi wani irin ƙyalli da na sani tun ina yaro. Wanda ya riga ka kwana, dole ya riga ka tashi.

A garin nan daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar ko ɓarawo barci yake yi. Babu mai yawo a wannan rana sai baƙi 'yan yawon buɗe ido, Allah ya ba su lafiya. To ƙarfe biyu muka fito, ni da tsofaffin mata huɗu. Gaspare yana ta minshari a rumfa, uwarsa, ɗaya daga cikin tsofaffin, da kanta ta zare makullin shingen daga wuyansa.

"In ya farka fa?" na tambaya.

"Ni na haife shi," in ji ta. "Ko coci ta faɗo masa, sai biyar ta buga."

Muka kwashe allunan fenti muka jingine a bayan tamfol, muka jera na gaskiya. Kullum da rana Gwaggo ta shiga ta juya abinta. Baƙi suka yi cincirindo a jikin waya suna ɗaukar hoto, karo na farko da suka sami abin kallo. Gaspare kuwa da ya farka ya ji ƙamshi, sai ya gyara hula ya kama korar ƙuda, wai yana kare dukiyar gwamnati.

Ranar Asabar aka ce Mai Girma zai iso ƙarfe shida. Mutumin da bai taɓa zuwa kan lokaci ba, ranar sai ga shi ƙarfe huɗu, da 'yan badujala da masu hoto, Gwaggo tana ciki hannu dumu-dumu. Babu hanyar fita. Ta ture 'yar tsanar ƙarƙashin tamfol, ta zauna a kujerarta ta ƙame.

Aka yanke ƙyalle. Mai Girma ya yi jawabi a kan iyayenmu mata da suka tafi da sana'arsu, har muryarsa tana rawa. Garin nuni ya dafa allo, yatsansa ya nutse. Saura kwana ɗaya rak abin ya kammala, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a juye shi a kwata.

Ya dubi yatsan, ya lasa, ya sake lasa. Shi ma dai wata tsohuwa ce ta raine shi. Sai ya juya ga masu hoto ya ɗaga hannu sama.

"Kun gani da idonku! Al'adar da ta mutu, mun farfaɗo da ita!"

Aka yi tafi kamar hannu zai tsinke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina kusa, don haka na ji lokacin da ya sunkuya ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, a ajiye mini kwalba ɗaya."

"Sai ka sayi tikiti, ɗan nan."

"Ina ake sayarwa?"

"Ai ba a bugo ba tukuna."

Jiya ta shafe strattunta da man zaitun ta rufe a kwalabe, taliyar bikin Venera ta tsira da mutuncinta. Ni har yanzu ta bayan coci nake zagayawa. 'Yar tsanar kuwa, na ji an kai ta ofis an ajiye a bayan wani tebur kafin a yanke shawara a kanta. Masu zuwa neman takarda sun ce ba su ga wani bambanci ba, sai dai ita ba ta tashi cin abinci.