Rasuwar Giyabos ɗin Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama wanda bai san abin da zai yi da kansa ba tun ranar Talata, ni Auta, a madadin Inna da sauran mutanen gidanmu, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar giyabos ɗin motar Babanmu. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya, bayan doguwar jinya. Wanda bai san shi ba, shi ne akwatin ƙarfen nan da ke ƙasan sandar giya, mai karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi. Ba a ganinsa, amma duk unguwa an san muryarsa.

Marigayi mai tsari ne, ba ya son gaggawa. Lamba ɗaya ba ta shiga sai ka fara leƙa lamba biyu, kamar mai sallama kafin ya shiga ɗaki. Lamba uku sai ka taka kulochi sau biyu, ka ɗan tsaya a tsakiya, ka ja numfashi. Lamba huɗu tana shiga lafiya, sai dai a gangare takan fito da kanta, don haka ake tokare sandar da gwiwa. Lamba biyar ta riga Baba rasuwa, ba ma yawan maganarta. In ka bi shi yadda yake so, sai ya ce ƙwas, a hankali. In ka yi masa ƙarfi, sai ya ce ƙarrrr, har mai shagon bakin layi ya ɗago kai.

Baba ne ya koya mini shi, hannunsa a kan hannuna, lokacin da yayyena suke makaranta ni kuma karatu ya ƙi ni. Ya ce, "Kai ba ka da sauri, shi ma ba shi da sauri, za ku zauna lafiya." Haka kuwa aka yi.

Cikin kyawawan halayen marigayi akwai riƙon amana. Bai taɓa yarda da baƙon hannu ba. Yaya Babba, mai digiri biyu da ofis mai sanyi, ya taɓa zama a cikin motar rabin awa a ƙofar gida, gumi har cikin takalmi, motar ba ta matsa taku ɗaya ba. Ya fito ya miƙo mini makulli ya ce, "Karɓi kayanka, aljanu ne a ciki." Tun daga ranar babu wanda ya sake cewa a ara masa. Asibitin Inna duk Litinin, ni. Cefane, ni. Ɗauko baƙi daga tasha, ni. A gidan da kowa yake da takardar da aka rataye a bango, ni wannan ce tawa.

Ciwon ajali ya fara ne da sanyin safiya. Lamba biyu ta soma gurnani, gurr, gurr, ko an yi mata sallama. Na kai shi wurin bakanikenmu, Mai Sifana, wanda ya san shi tun zamanin Baba. Muka fara da mai sauƙi, aka ɗaure wayar kulochi da ta saki. Ya yi kwana huɗu lafiya. Aka canza robobin gindin sanda. Ya yi sati. Sai aka juye man giya, ya fito baƙi ƙirin yana ƙyalli da garin ƙarfe. Mai Sifana ya murza shi a yatsa, ya dube ni. Na ce ko farantin kulochi ne? Ya ce, "Auta, kai ma ka san ba faranti ba ne." Duk da haka ya canza, don ya ga idona.

Ranar Talata muna dawowa daga kantin magani da Inna, na sa ribas zan juya. Ya shiga, ya ce ƙwas. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Sanda ta ƙi fitowa, na lallaba, na roƙa, ko motsi. Haka na kawo Inna gida da baya da baya, layi uku, wuyana a murɗe, yara suna ɗaga mana hannu. Inna ba ta ko juya ba, ta riƙe ledar maganinta ta ce, "Auta, gida za ka kai ni ko shekaranjiya?" Da aka buɗe shi a gareji, haƙoransa duk sun cinye, sai dasashi.

Marigayi ya bar sandar giya guda ɗaya mai sulɓin kai, da feda uku, da inji mai tari amma da sauran ƙarfinsa. Ya bar Mai Sifana, wanda ya ce yanzu bai san wa zai riƙa yi wa faɗa ba. Ya bar ni.

Ba zan ɓoye wa jama'a ba, an riga an sa wani a madadinsa. Yaya Babba ne ya kawo, Allah ya saka masa. Sabon ba shi da laifi, da ɗan yatsa ake tura shi, ba ya tambayar ko kai wane ne. Yaya ya zagaya unguwa da shi sau biyu, ya dawo yana dariya, ya ce, "Ashe motar nan mutuniyar kirki ce! Auta, ka huta, daga yau kowa zai iya." Ya jefa makullin a aljihunsa. Na ce to, madalla. Na shiga ɗaki na zauna a bakin katifa, na daɗe ina kallon hannuna.

Za a yi rakiyar marigayi ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ƙofar gidanmu zuwa bayan garejin Mai Sifana, gindin bishiyar da ake ajiye tsofaffin injina. Da so samu ne a bayan motarsa za a ɗauke shi, to Yaya zai fita da ita yawo da yaransa ranar. Saboda haka a baro za a kai shi, maƙwabcinmu magini ya ba da aro, ni zan tura. Masu rakiya su sa tsofaffin kaya, har yanzu yana ɗigar mai. Kada kowa ya yi sauri, ba ya so.

Za a karɓi gaisuwa a kan bencin ƙofar gida har zuwa safiyar Litinin, ƙarfe bakwai da rabi. Daga nan an tashi, ba za a same ni ba. Jiya Yaya ya ce wa Inna shi zai riƙa sauke ta a asibiti kan hanyarsa ta ofis, in ta gama ta hau tasi. Inna ta gama shan shayinta tukuna, sannan ta ce, "Sauke ni? Ni buhu ce? Giyabos ne yake riƙe mini jaka a layi awa uku? Ka kawo wa Auta makullinsa ranar Lahadi, da mai a ciki."

Wanda ya makara, ya bar gaisuwarsa wurin mai shago.