Sarakuna Goma Sha Huɗu da Tebur Mai Ɗingishi

"Lafiya ƙalau na wuni, kafin ka shigo," in ji Malama, ko ɗago kai ba ta yi ba daga taswirar da ta shimfiɗa a kan tebur. "Ina saƙona?"

Mai shigowar Kafinta ne, ɗan kawunta, taubashinta, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa sun rabu ba wanda ya sha baƙar magana. Ita ke jan wasan da suke yi duk Asabar da yamma a falonta. Ta ƙirƙiri ƙasa, tana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko ya dace. Da 'yan wasa shida aka fara. Yau wata bakwai, saura uku, kuma Nas, wadda ta fi kowa haƙuri, ta aiko tun safe cewa in yau ma ta tashi ba ta gane wa ake bi a labarin ba, ta yafe. In ta tafi wasa ya mutu. Malama ta sani, kuma abin na ci mata rai fiye da yadda za ta nuna a gaban wannan mutumin.

Littafin rubutu mai kauri ta aike shi ya sayo, na huɗu ke nan. Ya sa yatsu biyu a aljihun riga ya zaro wani ɗan mitsitsi da bai kai tafin hannu ba.

"Wannan fa? Na ce littafi, ka kawo mini abin kunna risho."

"Taimakon jama'a na yi. Duk shafin da aka ba ki sai kin haifi sarki a ciki. Nawa ne yanzu?"

"Goma sha huɗu. Kowane da dalilinsa."

"Dalilinsa na hana ni barci. Rannan ina aske katako na tsaya ina tunanin ko wazirin nan mai ido ɗaya ƙanin matar sarki ne ko mijin uwarta, har na aske yatsana."

"Duka biyun ne. Laifina ne da aka raba ƙwaƙwalwa kana can kana neman guduma?"

Ya ce ai ita da aka ba ta tata, mantawa aka yi ba a sa mata birki ba. Ya lissafa mata da yatsu: ƙungiyoyin asiri biyar, annoba biyu, wani mataccen da ya dawo sau uku, har shi Kafinta ya daina zuwa masa ta'aziyya. Ya ce Direba, ɗaya daga cikin 'yan wasan, bai daina zuwa don aiki ba, ƙarya yake, ya ga an fara ba da aikin gida ne.

Wannan ta shige ta. Ta murtuke fuska ta ce duk abin da ta ƙara, don ta nuna musu hanya ta ƙara shi. Tun zama na biyu ta ba su wasiƙa, ta gaske, ta kwana biyu tana rina takardar da ruwan shayi don ta yi kamar tsohuwa, ta liƙe bakinta da kakin kyandir. Sunan maci amanar da suke bi a labarin na ciki, da inda ya ɓuya. Da ta ga ba su bi ba, sai ta aiko wani sarki ya tuna musu. Da suka kashe shi, ta aiko wani.

"A hannunka na sa ta, kai da nake riƙo don Allah. Ina take?"

"Mai ruwan ƙasa-ƙasa? Da jan abu a baki?"

Ya kalli ƙasa. Ita ma ta bi idonsa. Teburin shi ya ƙera mata, kuma tun ranar da aka shigo da shi yake ɗingishi. A ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, an ninke wani abu gida huɗu, ya yi baƙi da ƙurar shara.

Ta durƙusa ta zaro. Kakin na nan, ko ɓantarewa bai yi ba. Tebur ya karkata, ɗan lido ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Wata bakwai," ta ce a hankali. "Sarakuna goma sha ɗaya na ƙirƙira saboda ba ka iya awon katako ba."

"Ni kuma wata bakwai ina zaune a kan amsa, ke kina kallo. Bakinki ciwo yake? Ki ce, ku buɗe wasiƙa. Kalma uku."

Ta harare shi. Haushi ya kama ta, don gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ta tsana irin gaskiya daga bakinsa. Ya tura mata ɗan littafin, ya ce ta rubuta wa kowa shafi ɗaya: wa muke bi, me ya yi mana, ina za mu yau. Abin da bai shiga ba, ta riƙe a cikinta har a tambaya.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka yi sallama. Muryar Nas ce.

Malama ta jawo littafi na uku, ta yage shafukan sarakuna goma sha ɗaya, ta ninke su da kyau ta cusa a ƙarƙashin ƙafar. Ta girgiza tebur, ko motsi bai yi ba. Dariya ta ƙwace mata duk da ba ta so.

"Ka ci wannan," ta ce, ta miƙa masa wasiƙar. "Buɗe mata ƙofa, ka karanta musu da ƙarfi. In akwai kalmar da ta fi ƙarfinka, ka ɗaga hannu."